Ramalan Nomau da Tankin Dannet

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, jim kaɗan bayan la'asar, Wanda ya ba mu aron Injiniya Ramalan Nomau ya karɓi abinsa. Ya rasu a gidansa da ke Arlit yana da shekara sittin da uku, bayan jinyar wata biyu. Daga Allah muka fito, can kuma muka dosa.

Malam, ni ce Hafsatu, wadda ta yi shekara tara a ƙarƙashinka a ɗakin gwajin kaya na ma'aikatar ma'adinai. Ba ka son yabo, don haka abin da idona ya gani kawai zan faɗa.

Ka zo Arlit daga Bouza kana saurayi. Aikinka fibur ne: zaren gilashi da ake shimfiɗawa hawa-hawa, a jiƙa shi da rezin, wani ƙaro da ke daskarewa ya yi tauri. Da shi ake yin tankuna da manyan tiyo, domin asid ba ya cin sa yadda yake cin ƙarfe. Ranar da na fara aiki ka miƙo mini ganyen kaba ka ce in tsinka. Na ja ta tsawonsa, ya ƙi. Ka sa farce ka tsaga shi biyu. Ka ce, "Haka fibur yake. Ƙarfinsa yana bin inda zare ya nufa. Kafin ki tambayi kaurin abu, tambayi ta ina nauyi zai zo masa." Wata uku ka zaunar da ni gaban lissafi kafin ka bar ni in taɓa injin da ke jan samfuri har ya karye.

Zama da kai ba sauƙi. Akwai gwajin da ka sa na maimaita sau goma sha ɗaya, ba ka kuma ce mini sannu ba. Na yi fushi a lokacin.

Shekarar da ka bar aiki, wani ɗan kwangila ya ɗora tankin fibur a kan hasumiyar ƙarfe, kusa da wata rijiyar makiyaya a karkarar Dannet. Aka roƙe ka ka duba ka sa hannu kafin ranar buɗewa. Na raka ka. Ka hau da ƙaramar gudumarka kana ƙwanƙwasa jikin tankin taƙi bayan taƙi, kunnenka a kusa. A sama ƙarar tana fita tas. Da ka sauko gindi sai ta mutu, kamar ana bugun jiƙaƙƙen kwali. Ka ce hawa-hawan sun rabu da juna daga ciki, kuma an shimfiɗa yawancin zaren a tsaye, alhali ruwa ta kewaye yake tura bango, ya kuma fi matsawa a ƙasa.

Ka ƙi sa hannu. Ɗan kwangilar ya ce tsufa ya sa kana jin abin da babu. Wannan bai dame ka ba. Maganar Alkassoum ce ta yi maka nauyi, dattijon zangon makiyayan, wanda iyalinsa suka shekara suna jan ruwa da jakuna.

"Injiniya, tanki sabo ne, ko ɗigo bai yi," in ji shi. "Don me ka hana mu?"

"Ban hana ku ba, Malam Alkassoum. A cika shi gobe, amma kada mutum ko dabba ya matso. In ya kwana biyu lafiya, zan sa hannu, in ba ku haƙuri a gaban kowa."

Aka kewaye wurin da igiya, aka tayar da famfo. Ruwa bai kai wuya ba gindin ya tsage, komai ya zubo a daidai inda aka shirya mata za su tsaya da jarkokinsu. Ba ka dubi ɗan kwangilar ba. Ka tsinci ɓallin da ya faɗo, ka juya shi, ka nuna mini inda rezin bai ratsa zare ba. Mako shida ka yi kana kai-komo tsakanin Arlit da Dannet har aka yi wani tankin, an naɗe zarensa a kewaye, an ƙara masa hawa a gindi. Har yau daga shi suke sha.

Aikinka na ƙarshe ƙarami ne. Muktari, direban kamyo, babbar motar kaya, wanda ya rasa ƙafarsa ta hagu a haɗarin hanya, ya kawo maka ƙafar roba da aka ba shi. Ta yi masa nauyi, ta kuma tsage a ƙasan gwiwa. Ka auna shi, ka sa ya taka sikeli, ka zana wata. Ciwo ya kwantar da kai kafin a fara. Daga kan tabarma ka riƙa faɗa mini hawa nawa za a sa, da inda zaren kowane hawa zai fuskanta, ina rubutawa. Ba ka ga an gama ba. Ranar addu'ar bakwai Muktari ya shigo ƙofar gidanka da sabuwar ƙafar, ba sanda, ya durƙusa, ya tashi da kansa.

Allah ya jiƙan ka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya yalwata makwancinka. Ya sa duk takun da Muktari zai yi zuwa masallaci ya shiga mizaninka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Baraka, da ƴaƴanka Habibullahi da Mina da Ahmudu, da ƴan'uwa na Bouza. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage, ranar da aka kira mu, Allah ya sa kalmar shahada ce ta ƙarshe a bakinmu. Amin.