Doña Duvi da Kifin Gefen Kwance

Shekara goma sha tara na yi ina kankare wa Doña Eduviges ɓawon kifi a rumfarta da ke bakin teku a Punta Mansa, don haka in za a yi maganarta ni ce zan yi, ba waɗancan 'yan zaman kashe wandon da ke buga domino a gindin kwakwa suna cewa su dama sun hango abin tun da wuri ba. Babu abin da suka hango. Shekara talatin suna cin kifinta suna lashe yatsu.

Doña Duvi muke ce mata, kamar a ce Uwargida Duvi. Ni kuwa komadre nake kiranta, don ita ta riƙe 'yata a coci ranar baftisma; da namiji ne, da kompadre zan ce. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon mai. Ubanta masunci ne, da yake kuma bai sami ɗa namiji ba, ita ya riƙa ɗauka a kwale-kwale har ta yi aure. Shi ya sa ta san ƙarƙashin ruwanmu fiye da mazan da ke nutso a cikinsa.

Garinmu yana kan siririn tudu ne da ya kutsa cikin teku, ruwa dama da hagu. Na gabas shi ne Gefen Iska, inda igiyar ruwa ke dukan duwatsun murjani ba hutu, ga zurfi. Na yamma Gefen Kwance, farin yashi da ciyawar ruwa da ƙananan duwatsu. Kowane gefe da kifinsa. A Kwance ake samun ronko mai gurnani in an fito da shi, da mai rawayar wutsiya, da kifin aku mai launi kamar an yi masa fenti. A Iska kuwa sai manya: pikuwa doguwa mai haƙora irin na kare, da baƙin hurel, da ƙaton mero mai zama a kogo. Akwai kuma masu yawo ko'ina, irin su kapitan, ja mai dogon baki, wanda namansa ya fi na kowa fari da daɗi.

Abin da kowa ya tashi ya tarar a garinmu shi ne, babban kifin Gefen Iska yana iya ɗauke da gubar da muke kira sigwatera. Ba a ganinta, ba ta wari, wuta ba ta kashe ta. Amma irin wannan kifin, in a Gefen Kwance aka kama shi, lafiya lau ne. Saboda haka duk sana'ar mai suyar kifi ta tsaya ne a kan sanin inda kifi ya fito, kuma a nan babu wanda ya kama ƙafar Doña Duvi. Tun da ta ɗora kasko ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya kwanta ta dalilin kifinta ba. Ba ta da gona, ba ta da gidan siminti. Wannan sunan shi ne duk abin da ta mallaka, kuma tana ji da shi har ya wuce kima.

Ba ta yarda da bakin masunci, kwandonsa take karantawa. Wata safiya Fermín, wani masunci mai ɗan karen surutu, ya dire mana ƙaton mero a kan tebur.

Ta ce, "Daga ina, Fermín?"

"Haba Doña, daga ina kuwa? Nan bayan gidanki, Gefen Kwance."

Ko kallon meron ba ta yi ba. Ta tura hannu ƙasan kwandon ta zaro wani ɗan baƙin kifi mai taurin fata, irin wanda ba ya rabuwa da bakin zurfi.

"To wannan bawan Allah fa? A mota ya zo Kwance, ko kai ka goyo shi?"

Bakin teku ya kwashe da dariya. Fermín ya fara rantse-rantse da kabarin uwarsa.

"Bar baiwar Allah ta huta. Kwashe tsiyarka ka kai wa surukarka, in faɗa kuka yi."

Ya kwashe ya tafi yana ƙunƙuni, kuma bai manta ba.

Mijinta Nicanor dogo ne siriri, mai nutso da mashi, ba shi da hayaniya sai tsokana. Ita Doña Duvi ba ta cika cin kifi ba, ta ce ƙaurin mai ya gama cika mata ciki tun kafin rana ta take, shinkafa da wake da kofi sun ishe ta. Shi kuwa duk babban kifin da ya kawo, kan nasa ne. Ranar Lahadi take dafa masa da ruwan kwakwa, ya zauna ya tsotse shi ƙashi-ƙashi yana cewa da ma don wannan ya aure ta, ba don kyau ba. Ita kuma ta ce ai shi ko kyan ma ba a yi masa tayi ba. Haka suka yi shekara arba'in.

Sai babbar guguwa ta zo. Rufin gidaje mun gyara cikin wata uku, amma ƙarƙashin ruwa babu mai gyarawa. Nicanor ya ce duwatsun Kwance sun kakkarye sun zube, masu rassa irin ƙahon barewa duk sun mutu, wata gansakuka mai ruwan ƙasa ta lulluɓe su. Kifin aku ya ragu ƙwarai. Kapitan kuwa yana nan, har ya fi da ƙiba.

Bayan kamar shekara guda, Yocasta, nas ɗin ƙaramin asibitinmu, ta zo rumfa da kanta. Da ladabi ta yi magana. Ta ce gubar ba a gabas ko yamma take zaune ba, a jikin irin wannan gansakukar take, ƙananan halittu su ci, manyan kifi su cinye su. Inda murjani ya mutu, can take komawa. Ta ce a wasu tsibirai ko kyauta ba sa cin babban kapitan.

Doña Duvi ta juya kifi a kasko ta ce, "'Yata, ranar da aka haife ki ni na kai wa uwarki romo. A takarda kika ga tekun nan, ni a ciki na girma. Ki je ki yi allurarki."

Raina ya ɓaci da wannan amsar. Ni ma ina da nawa laifin, gara in faɗa. Daga ranar na daina kai wa 'ya'yana kapitan gida, sai ronko da mai rawayar wutsiya. Na tsare gidana a ɓoye, na ci gaba da kankare wa mutane abin da ni ba zan ci ba, don kawai ina tsoron bakin komadre.

Wata Asabar Nicanor ya soko kapitan mafi girma da na taɓa gani, a wani dutse na Kwance da yake nutso tun yana saurayi. Muka yanka gunduwa-gunduwa, aka ajiye masa kan. Cikin waɗanda suka saya har da Amparo, matar Fermín.

Washegari muna fitowa daga coci, mun buɗe rumfa ke nan, tukunyar kan kifin tana tafasa, sai ga Fermín a guje, riga a buɗe.

"Ina mai karatun kwandon? Fito! Matata na can asibiti tun jiya da yamma, amai da gudawa, leɓenta ya mutu, tana susa kamar za ta yage fatarta. Kifinki ne!"

Mutane suka taru. Na ga fuskar Doña Duvi ta canja, amma ta dake.

"Kifina na Kwance ne, mijina ya soko shi da hannunsa. Ka je ka binciki abin da ka ajiye a gidanka. Ai mun san inda kake jefa ƙugiya."

"Au, ni ne ma maƙaryacin?"

"Yau ka fara?"

Ta ciro ɗan nama daga kan kifin, ta ajiye a ƙasa kusa da ramin kiyashi. Haka iyayenmu ke gwaji: in kiyashi ya guje wa nama, akwai guba, in ya hau, babu. Muka yi cirko-cirko, manya da mu, muna kallon ƙasa. Kafin a jima kiyashi ya rufe naman baƙi ƙirin. Wasu suka fara tafi.

Fermín ya ce, "Kiyashi ne zai faɗa mini abin da idona ya gani? In kin isa, ki ci."

Ta zuba a kwano, ta ɗauki cokali. Sai Nicanor ya miƙo dogon hannunsa ya janye kwanon.

"A'a, tsohuwa. Shekara arba'in ba ki taɓa yi mini kishiya a kan kifina ba, sai yau da kika ga jama'a? Kompadre Fermín, matso ka ga yadda maza ke ci."

Kowa a garin nan ya san in akwai guba, a kai da hanta ta fi taruwa. Ni ma na sani. Na san kuma yana shan maganin hawan jini. Na buɗe baki, na dubi komadre, na rufe. Ya zauna a kan benci ya cinye kan nan tas, har idanun, ya shanye romon, ya ɗaga kwanon ya kife don kowa ya gani. Aka yi ta shewa, aka raka Fermín da eho. Rabon da in ga Doña Duvi cikin farin ciki irin na wannan safiyar har na manta.

Da la'asar ta aiko a kira ni. Na tarar da Nicanor a kwance a ƙasa, gumi ya jiƙe shi, ya yi amai har ba abin da ya rage. Ta ɗebo ruwan sanyi a randa ta kafa masa a baki. Ya kurɓa ya furzar.

"Duvi, me ya sa za ki ba ni ruwan zafi?"

Kofin ya suɓuce daga hannunta. Babu cutar da ke mayar wa mutum sanyi ya zama wuta sai sigwatera, kuma ta fi kowa sani.

A bayan motar ɗaukar kaya muka kai shi babban asibiti. Zuciyarsa ta yi ta bugawa a hankali har likita ya fid da rai. Kwana goma sha ɗaya ya yi ana ƙara masa ruwa. Amparo ta warke cikin mako biyu, da sauran mutum huɗu da suka kwanta a gidajensu ba su faɗa ba don kunyar Doña. Nicanor ya tashi, amma ƙafafunsa ba su dawo ba, sai da sanda. Nutso ya ƙare. Ko ɗan ronko ya ɗanɗana, ƙaiƙayin da mutuwar leɓen sai su dawo sabo. Mutumin da ya yi shekara hamsin a cikin ruwa ya koma cin dafaffiyar agade a baranda.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne bai taɓa ɗora mata laifi ba. Duk wanda ya zo dubiya, magana ɗaya yake yi masa: hawan jini ne, kifin Duvi ba ruwansa. Mutane kuma suna son su yarda, don in Kwance ya lalace ba su san inda za su nufa ba. Rumfa ta ci gaba da ciniki. Tana suya, ba ta tsokanar kowa, tana ramewa.

Wata Lahadi da hantsi ina gidansu, masunta huɗu suka zo gaishe shi, har da Fermín. Ɗayansu ya ce gobe za su dutsen nan nasa, sun ga manyan kapitan, kuma akwai bikin aure ranar Asabar da ake son kifi da yawa.

Nicanor ya ce, "Ku je abinku. Ruwan nan lafiyarsa ƙalau. Ni jinina ne ya hau, likita ma ya..."

Doña Duvi tana bakin ƙofa da tiren kofi. Ta ajiye shi a hankali.

"Ya isa, Nicanor."

"Tsohuwa, ai gaskiya nake..."

"Na ce ya isa. Kifin ne." Ta juya ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan Fermín. "Kifin ne, na Kwance ne, kuma ni na dafa shi. An faɗa mini, na ƙi ji. Fermín, ka ce wa Amparo ta yafe mini. Ku kuma ku bi gari ku faɗa, kada a bar gida ko ɗaya: Doña Duvi ba ta san ruwan nan ba yanzu."

Babu wanda ya ɗauki kofin. Nicanor ya sunkuyar da kai yana kuka, ita kuwa ta tsaya ƙyam ba ta ko share masa hawaye ba. Washegari na je rumfa da wuƙata kamar kullum, na zauna har rana ta take, ba ta zo ba.