Littafin da Malama Kulu Ba Ta Ji Ƙarshensa Ba

Ina cikin aji a Kalgo ranar Talata da hantsi, wayata ta yi ta ruri a jaka. Da na fito na ga Malama Rahila ce, 'yar Zuru da ta daɗe tana koyarwa tare da Malama Kulu a Gwandu. Ba ta tsaya doguwar gaisuwar da ta saba ba. Ta ce Malama ta cika bayan asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kafin baƙin ciki ya iso, tsoro ne ya fara kama ni, domin littafin da nake karanta mata yana cikin jakata, da tsinken tsintsiya a shafin da muka tsaya.

Malama Kulu ce ta koya mini Hausa a sakandare. Da ta yi ritaya sai ta riƙa tara 'yan mata a tsakar gidanta duk Asabar don karatu, amma ba su cika tabarma ɗaya ba, sai da wani shirin talabijin mai dogon zango ya mamaye gari. Ita shirin bai burge ta ba. Takan ce mutanen ciki suna kuka kamar an biya su, ni kuma in tuna mata cewa an biya su ɗin. Sai masu shirin suka sanar da gasa: a kowane zango, ƙungiyar karatu za ta zaɓi littafin da ya dace da labarin, ta karanta, ta aika da ra'ayinta. Yaran da ba sa buɗe littafi ko don jarrabawa suka cika gidan.

Iyaye maza ba su amince da littattafan labari ba, kuma ba su ɓoye ba. Malama ba ta taɓa musu da su ba. Abin da ta yi shi ne, littafi ba ya shiga hannun yarinya sai ta karance shi har bango, sannan ta ɗauki mayafi ta bi gida-gida, ta tsaya a zaure ta ce, “Na karance shi.” Iyakar izinin ke nan. Malam Julɗe, makiyayi daga wajen Malisa, a kan wannan kalma yake barin ɗiyarsa Habi ta zo. Ya ce shi bai san boko ba, amma ya san Malama.

Ni nake kawo littattafan, da digirina da dogon bayani. Takan saurare ni har in gaji, sannan ta tambaya wace yarinya ce a cikinsu wannan labarin zai taɓa wa ciwo. “Ba abin da yarinya za ta gani nake tsoro ba,” in ji ta, “abin da za a bar ta da shi ita kaɗai.”

Sai ciwon suga ya ci idanunta. Na koma ni nake karanta mata, tana kishingiɗe, ƙafafunta a kumbure. Daga lokacin ta daina cewa ta karance, ta koma cewa “Na ji shi har ƙarshe,” don ba ta yarda ta ɗauki lamunin abin da ba ta yi ba. Duk Asabar, idan mota ta wuce Dalijan, nakan fara tunanin ko zan tarar da tabarmin makoki a ƙofar gidanta.

A zangon ƙarshe kakar da ke cikin shirin ta kwanta ciwo, don haka littafin jinya da mutuwa ake bukata. Na ce mu tsallake wannan zangon. Malama ta ce yaran nan sun riga ni ganin gawa. Muka fara. Da muka kai inda tsohuwar cikin littafin ta soma raba tukwanenta ga 'ya'yanta, Malama ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe. Tafinta sanyi ƙalau.

“Nana, tsaya nan. Yau ba ni iya jin sauran.”

Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ta tambaye ni ko matar ta daɗe tana wahala. Na san amsar, amma na ce sai Asabar mai zuwa. Na karya tsinke na sa a shafin.

Ranar addu'ar uku Malam Julɗe ya sa aka kira ni zaure. Bayan ya yi ta'aziyya ya tambaya ko Malama ta ji littafin da Habi take jira. Babu wanda yake ɗakin ranar da muka yi karatun sai ni da ita, kuma sauran iyayen suna zaune suna jiran amsar.

“Rabi ta ji, Baffa.”



“To rabin da ya rage, wa ka tsaya mai?”

Na ce ni. Ya dube ni, ba da raini ba, ya ce bai san ni ba, kuma gaskiyarsa ne. Can sai ya ce in zo rugarsu ranar Asabar in karanta sauran a gaban uwar Habi da kakarta. In sun yarda, Habi ta ci gaba da zuwa. In sun ƙi, ta zauna gida. Sauran suka gyaɗa kai, na gane hukuncinsa shi ne nasu. Daga baya Habi ta gaya mini kakar tata ma tana kwance tun damina.

Allah Ya jiƙan Malama Kulu, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya musanya mata tsoron ranar nan da aminci. Allah Ya ba 'ya'yanta da jikokinta da Malama Rahila haƙuri, Ya tsare yaran da ta bari a kan tabarma. Ni kuma Allah Ya sa kada muryata ta yi rawa ranar Asabar, idan na zare tsinken.