Ranar da Aka Zo Ta'aziyyata Ina Zaune

Assalamu alaikum. Ni tsohuwa ce a Kurmin Mashi, ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Jikata ce take rubuta wannan ina faɗa, kuma na ce mata idan kuka ya zo mini a tsakiya ta jira ni, kada ta gyara mini magana. Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da fita takaba ba. Mijina direban babbar mota ne, daga Katsina ya zo Kaduna yana saurayi. Da ƙarfi ya ƙare sai ya ajiye tuƙi ya shiga sana'ata, wato yaji. Ni nake dakawa, barkono da citta da kanumfari da masoro, shi kuma ya zauna a zaure yana ƙullawa a leda, yana ɗaure bakin kowane ƙulli da jan zare, irin ɗaurin da yake yi wa kaya a bayan mota. Shi yake kaiwa shagunan tashar Mando, inda tsofaffin abokan aikinsa suke saye su tafi da shi hanya. Allah ya jiƙansa. Har yau idan na ɗaga labulen zauren nan sai na ji kamar zan tarar da shi.

Bayan rasuwarsa babban ɗana, wanda yake aiki a Abuja, ya ce in tattara in koma wurinsa. Na ƙi. Ɗakin nan a ciki aka kawo ni, a ciki na haihu, a ciki aka yi wa mahaifinsa wanka. Da ya ga na kafe sai ya ce to, muddin sana'ar tana riƙe da ni kuma ina jin daɗinta zai ƙyale ni, amma ranar da ta tsaya ba zai bar ni in zauna ina kallon bango ba. Na amince. Wani maƙwabcinmu mai Keke Napep ya karɓi kai kayan, ni kuma na ci gaba da ɗaurin da kaina, duk da yatsuna sun yi tauri da sanyin ƙashi, zaren yana yanka ni.

Jikar nan tawa a wurina take zaune, tana karatun zane da kwamfuta a wata babbar makaranta a nan cikin gari. Wata rana ta dawo da murna, ta ce an kawo musu sabuwar manhaja, ka faɗa mata abin da kake so ta zana maka nan take, har malaminsu ma tare suke koyo da shi. An ce kowa ya nemi mai ƙaramar sana'a a unguwarsu ya yi wa kayansa sutura, kuma ita ba ta ga wanda ya fi ni buƙata ba, tunda yajina yawo yake tsirara kamar ɗan goye. Na ce mata tsiraicin nan shi ya biya kuɗin makarantar ubanta. Ta yi dariya ta ce ƙawata kenan, baki bai tsufa ba. Cikin 'yan kwanaki ta kawo leda mai mannewa da kanta, ba sai an ɗaure ba, da sitika mai ruwan zinare, ga hoton wata kyakkyawar budurwa tana murmushi a kan tukunya mai ƙyalli, ga rubutun Turanci. Ta tambaye ni ko ya yi. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na dubi fuskarta, na tuna don yatsuna ta yi, kuma na raya a raina mene ne nawa, ni da ban san harafi ba, da zan yi wa kwamfuta gyara. Na ce ya yi kyau ƙwarai. Kuskurena daga nan ya fara.

Mai Keke ya kai yajin a sabuwar ledar, ya dawo da kusan duka. Ya sake kaiwa, ya sake dawowa da su. Ya ce masu shagunan sun ce ba a tambaya. Na roƙe shi kada ya faɗa wa yarinyar, domin a makaranta an yaba mata, tana ta nuna wa ƙawayenta a waya. Na riƙa tura ledojin ƙarƙashin gado. Kowace safiya sai in ɗan buga turmi don ta ji, ta fita tana ce mini hajiyar kamfani. Idan ɗana ya bugo waya in ce kasuwa sai godiya. Raina kuwa ya riga ya fara ban kwana da ɗakin. Nakan zauna ina kallon ƙusar da mijina yake rataye hularsa, ina tunanin wa zai zauna a nan bayana.

Ranar wata Asabar da hantsi aka yi sallama a ƙofa. Jikata ta leƙa ta ce wani dattijo ne, na ce ya shigo zaure. Tsohon yaron motar mijina ne, shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu. Ina ɗaga labule ya miƙe zumbur yana salati, har hularsa ta faɗi. Da ya nutsu sai ya ce, wallahi Baba, ta'aziyyarki ce ta kawo ni. Ya ce ya dawo daga doguwar tafiya ya nemi yaji mai jan zare a tasha, aka ce masa ya daina zuwa, sai wani na kamfani da ba wanda ya yarda da shi, ana cewa irinsu gari da kala ake zubawa. Direbobi suka ce lallai tsohuwar ta bi mijinta, har an yi mini addu'a bayan sallar La'asar. Na ce to Allah ya karɓa, ya ajiye mini ita sai ranar da ta zo. Muka yi dariya har hawaye, daga nan dariyar tawa ta koma kuka. Jikata tana tsaye ta ji komai. Ta wuce ɗaki ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado.

Da yamma ta zo ta same ni. Ta ce ba rashin cinikin ne ya yi mata ciwo ba, abin da ya yi mata ciwo shi ne na mayar da ita yarinyar da ake lallaɓawa. Ta je ta faɗa wa malaminsu gaskiya, ni ina tsoron za a kayar da ita. Shi kuwa ya ce ta koma ta sake, amma wannan karon mai kayan tana zaune a gefenta. Haka aka yi. Ina faɗa da Hausa, tana gaya wa na'urar. Muka ce jan zare, ta zano igiya kamar ta ɗaure ragon layya. Muka sake, ta kawo wani ƙulli mai kunnuwa irin na gashin 'yar tsana. Na ce wannan aba ba ta taɓa shiga tasha ba. A ƙarshe na tashi na ɗauko ƙulli guda da na ɓoye a cikin adakata, na ƙarshe da mijina ya ɗaure da hannunsa. Ta ɗauki hotonsa, ta shigar da shi, ta yi ta gogewa tana daidaitawa da hannunta har ɗaurin ya fito ɓaro-ɓaro a jikin sitikar. Aka cire budurwar da zinaren, aka bar rabin ledar fili don a ga yajin da ido. Dattijon nan da kansa ya kai kashin farko Mando, yana shela cewa tsohuwa tana nan da ranta.

Ciniki bai koma kamar da ba gaba ɗaya, amma ya dawo, har wasu matan ma'aikata a Unguwar Dosa suna aikowa. Abin da na koya shi ne, waɗannan sababbin na'urori suna da amfani, kuma yaranmu suna da basira, sai dai na'ura ba ta san mutanenka ba sai ka gaya mata, yaro ma haka. Ina kira ga tsofaffi 'yan'uwana, idan jikanku suka kawo muku sabon abu kada ku ce ya yi kyau don kunya ko don ba ku yi karatu ba. Shirun da na yi don kada in ɓata mata rai, saura kaɗan ya raba ni da gidana. Ku kuma masu koyon zane, ku zaunar da mai kaya kusa da ku, ku tambaye shi fiye da sau ɗaya. Ɗana ya zo da Sallah, ya tarar da mu muna cika leda, ya tsaya ya daɗe yana kallo. Ina jira ya tayar da maganar Abuja. Sai ya ce rufin ɗakina yana yoyo ta gefen gabas, zai turo kafinta kafin damina.