Wushiryar Lemuel

Duk wanda ya san Arzella Crump a unguwarmu ta kudancin Chicago ya san ba a ba ta aron hoto. In ka ba ta, zai dawo maka ba kunne, ko ba gira ɗaya. Shekara arba'in tana gyara wa mata gashi a kicin ɗinta, amma almakashin nan nata bai taɓa tsayawa kan gashi kaɗai ba.

Dalilin kuwa Lemuel ne, yayanta. Tana 'yar shekara tara, can Mississippi, ya je a rubuta sunansa cikin masu jefa ƙuri'a. Bayan kwana uku aka tsamo shi daga kogi, fuskar ba ta ganuwa. Fararen fatar da suka yi aika-aikar suka cinna wa gidansu wuta, hotonsa ɗaya tilo ya ƙone a jikin bango.

To, tun daga nan take harhaɗa fuskarsa a kan kwali. Goshin kawunsu, kunnen wani ɗan'uwa, hancin da ta yanko daga hoton da ke takardar jana'izar mahaifinsu. Baƙin fatarsa mai sheƙi sai da ta yayyaga mujallu sun fi talatin kafin ta dace. Ta liƙe da kwaɓin fulawa, ta ɓamɓare, ta sake.

Mutum ɗaya ta rage da ta san Lemuel sosai: yayarta Dovie, da ke zaune a bene, idanunta na dushewa kullum. In suka rufe, ba sauran mai cewa shi ne ko ba shi ba ne.

Ranar wata Lahadi bayan coci ta hau da kwalin.

"Yaya, duba."

Dovie ta kai shi dab da hancinta. "Wannan wane faston ne kika kwaso mini?"

"Kai, Yaya! Lem ne."

"Lem ɗin wa? Ke yarinya, kin tsufa har yau ba ki da ido. Yaushe Lem ya taɓa yin shiru haka? Su sun rufe masa baki, ke ma kin zo kin rufe."

Arzella ta sauko da kwalinta. Gaskiya ne. Mamaci a wurinmu da fuskar kamala ake buga hotonsa, leɓe a haɗe, haka ta yi ta yi masa duk shekarun nan.

A falo akwai hoton bikin Charnelle, jikar Dovie, ta ƙyalƙyale da dariya, wushirya a fili irin ta Lemuel. Arzella ta kira ta a waya, ta ce tana so ta yanka hoton.

"Inna, hoton aurena fa! Shi kaɗai na yi kyau a ciki."

"Mijinki ya riga ya gani, ai ya isa."

Sai Charnelle ta ce, "Na Kawu Lem ne? Yanka."

Arzella ta yanke dariyar, ta ɗora a bakin Lemuel. Ba ta jira kwaɓin ya bushe ba ta sake hawa benen.

Dovie ta daɗe tana kallo. Sai ta lashi babban yatsanta, ta goge ɗan fulawar da ya maƙale a kumatun takardar.

"Dube ka," ta ce a hankali. "Kullum sai ka shigo mana da datti a fuska."