Akori-kurar da Muka Sayar

Har yau idan jikokina suka faɗa mini kuɗin tsohuwar mota, sai in ce su sake faɗa. Suna zaton kunne ne ya yi nauyi. Kunnena lafiya lau. Lissafin mota ne ya ɓace mini tun ina da ƙarfina, kuma bai dawo ba.

Motarmu akori-kura ce shuɗiya, ta hannu. Baba ya sayar da bijimai shida ya saye ta a Funtuwa fam ɗari uku, gab da a canja kuɗi a koma naira. Shi bai iya tuƙi ba, ni ne direba. Ina kwasar dawa da auduga daga Ruwan Godiya in kai Funtuwa, ranar kasuwar Ƙanƙara kuma in ɗauki mutane da awakinsu. Tun da shanun suka tafi, ita ce garkenmu, da ita gidan duka yake ci.

Shekara huɗu na yi ina dukanta a hanyar da ba ta san kwalta ba. Ta sha jiki. Ƙofar fasinja igiya ke riƙe da ita, da safe kuma sai an tura ta take tashi. Baba da kansa ya ce in na sami mai ba da rabin kuɗinta in sallama, mu cika mu sayi mai dama-dama.

A lokacin ne kuɗin man fetur suka cika gari. An yi wa ma'aikata ƙarin albashi, malaman makaranta suka hau babura, kowa yana neman abin hawa kamar za a daina yi. Ni ina gani, amma ban ɗauka abin ya shafe ni ba.

Wata rana a tashar Sabuwa wani Alhaji mai fataucin hatsi, mutumin Damari, ya zagaya motar, ya taka taya, ya ce ya saya naira ɗari tara. Na yi lissafi a zuci: fam ɗaya naira biyu, ke nan ɗari shida muka saye ta. Na sake lissafin, ya fito haka. Don ruɗewa sai bakina ya ce albarka, yadda ya saba. Alhaji ya ce dubu. Na sallama da sauri kafin hankalinsa ya dawo, na hau motar wani na koma gida ina jin babu ɗan kasuwa kamata a ƙasar Faskari.

Na zube kuɗin a gaban Baba a zaure. Bai taɓa su ba.

Ya ce, “Ka hwaɗa mashi sai an tura ta?”

Na ce, “Na hwaɗa, Baba.”

“Ya ga ƙohwar?”

“Shi ya kwance igiyar da hannunshi.”

“To, shina da lahiya kuwa?”

Na ce lafiyarsa ƙalau, har Makka ya je. Baba ya daɗe yana kallon kuɗin, sannan ya ce saniya tana cin ciyawa ta yi ƙiba, ta haihu, in kuɗinta ya ƙaru an san dalili. “Wagga hwa ƙarhe ce. Ba ta ci, ba ta haihuwa, kullum lalacewa takai. Ɗari huɗun ga daga ina suka hito?”

Wallahi har yau ba ni da amsar da za ta gamsar da shi. Ya ce ba zai ciyar da iyalinsa abin da bai san asalinsa ba, in mayar wa Alhaji da ɗari huɗun. Ko ɗari shidan ma, a cewarsa, da nauyi ya karɓe su.

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba a musu da Baba. Na tafi Damari. Alhaji ya ƙi karɓa har sau uku, ya rantse ya san kasuwa, ba wanda ya cuce shi. Da na ce in na koma da su ba ni da wurin kwana, sai ya karɓa yana girgiza kai. Ya ce, “Ka gaishe min da Baba. Ka ce mashi ya yi hanzari ya sayi wata, kada ya kwana biyu.” Na ɗauka irin maganar sallama ce kawai.

Baba kuwa ya ce a dakata. Shi manomi ne, ya san duk abin da ya yi tsada da bazara, in kaka ta zo sai ya faɗi. A bari kasuwa ta huce. Ni ma na ga hankali a maganar. Aka naɗe kuɗin a tsumma, aka sa a kwalla a ɗakin Inna, muka koma gona muna jiran kakar mota.

Bayan an yi girbi na tafi Funtuwa da kuɗin cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Dillali ya kai ni gaban wata akori-kura da babu gilashi, kaji sun mayar da kujerarta akurki, ya ce dubu da ɗari biyar. Na ce ba sabuwa nake tambaya ba, wannan gawar nake nufi. Ya ce ai ita ɗin ce. Da ya ji abin da na riƙo, ya ce in ina so ya nema mini babur, shi ma na hannu. Na zagaya gareji uku, duk bakinsu ɗaya. Na zauna a bakin titi kaina ya ɗaure tamau.

Baba ya ce to a mayar da kuɗin shanu, a koma inda aka fito. Muka je kara. Kuɗin bijimai shida suka sayo biyu da ɗan maraƙi. Mota ta hau, shanu sun hau, abin da muka killace muka hana ko ƙuda ya taɓa, shi ne kaɗai ya rame. A hanyar dawowa Baba yana gaba da igiya, ni ina biye. Na so in ji haushinsa, na rasa ta inda zan kama, don ban ga inda ya yi ƙarya ba.

Ba a yi wata ba Alhaji ya aiko: motar ta ƙi jin maganar direbansa, ko zan zo? Na je. Na koma kujerata, a kan albashi.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ta farko, na hango Baba tsaye a bakin hanya da sandarsa. Na tsaya, na kwance igiyar ƙofa, ya shiga ya zauna inda ya saba zama. Da muka isa sai na ga ya sa hannu a aljihu, ya miƙo mini kuɗin mota.

Na ce, “Haba Baba!”

Ya ce, “Amshi. Motar mutane ce.”

Na karɓa. Da la'asar na haɗa da na sauran fasinja na kai wa Alhaji.