Ciwon Bayan Surukata

Shekarar da aka rushe layinmu a unguwar Nakkasa ta Makka na koyi tsoron duk mai riƙe da littafi da biro. Wanda ya zo yana rubuta sunaye yau, kafin wata ya zagayo sai ka ga jan fenti a bangonka. Muka tattara muka koma ciki da falo a Utaibiyya, ni da matata da mahaifiyarta, wadda ta zo mana zaman jego da bizar ziyara. Jego ya ƙare, biza ta ƙare, ita kuma Hajiya ta fara ramewa. In aka kama ta sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida, kuma ƙauyensu ko ɗakin shan magani babu. Damuwata ke nan: ta warke kafin wani ya lura da ita.

Ni nake kai ta wani ƙaramin asibitin taimako a bayan kasuwar Zahir, inda ba a cika tambayar talaka takarda ba. Likitar 'yar Indiya ce, Turanci ne a bakinta sai Larabci guntu-guntu. Ni mai ɗora tayil ne, amma na yi sakandare a Kano, don haka na naɗa wa kaina rawanin tafinta. Hajiya za ta ja mayafi, ta juya mini ƙeya kamar yadda surukai suke yi, ta ce bayanta ke ciwo. In juya da Turanci, a rubuta mata man shafawa. Wata biyar muna haka, ina alfahari ban taɓa ƙara kalma ko in rage ba.

Zuwanmu na shida muka tarar da wata mata kusa da likita, da kati rataye a wuya da littafi a cinya. Ta gaishe mu da Hausar haifaffun Makka, rabi Hausa rabi Larabci.

"Ni mutarjima ce, ya'ani tafinta. Ina nan don marasa lafiyar da ba su jin yaren daktora. Kyauta ne."

Kyautar ce ta fara tsaya mini a wuya. A garin nan ruwan Zamzam kaɗai na sani kyauta. Na ce mata mun gode, muna da tafintanmu, ga ni.

"Kai ɗanta ne?"

"Mijin 'yarta."

"'Yar ta fari ce?"

Na ce eh. Ta dubi Hajiya, ta rubuta wani abu. Me ya haɗa ciwon baya da lissafin dangi? Haka masu jan fenti suka fara da mu: wane ne wannan, me ya haɗa ku.

"Tayyib. Ka jira mu a waje, ya akhi."

Na ce ƙafata ba ta zuwa ko'ina. Ina da zafin kai, har na fara ɗaga murya, sai Hajiya ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Malam, a ɗan ba mu wuri."

Tun da na auri 'yarta ba ta taɓa roƙona komai ba. Na fita.

Na zauna a benci ina kallon ƙofa. Mai gadi ya ɗaga waya, na ce shi ke nan, ya kira 'yan sanda. Wata nas ta shiga da gudu-gudu, ta fito da takarda, na ce biri ya yi kama da mutum. Na leƙa bayan gini ina neman ƙofar da za a iya zamewa da tsohuwa. Na kira matata na ce ta haɗa wa Hajiya kayanta, kada ta tambaye ni dalili. Likitar da takan sallame mu a minti biyar ta riƙe ta kusan awa guda, ni kuwa na gama yanke wa matar nan hukunci: 'yar rahoto ce, da Hausarmu take cin mu.

Da tafintar ta fito na miƙe na tare ta.

"Wa kika ba sunanta?"

Ta buɗe littafin ta nuna mini. Babu suna, babu lamba. Da Larabci ta rubuta: mai rakiya suruki ne, a fitar da shi.

"Hajiya ta ce in gaya maka, ita bakinta ba zai iya ba. Bayanta lafiya lau. Ƙullutu ne a nononta na hagu, tun kafin ta baro gida, yanzu har ya fashe. Daktora ta rubuta mata takardar babban mustashfa, ya'ani asibiti, yau ba gobe ba."

Na ce me ya hana ta faɗa tuntuni.

"Ta faɗa wa wa? Kai surukinta, ko 'yar fari da ko sunanta ba ta kira? Kakata ma haka ta yi. Shi ya sa nake fara tambayar wa ya rako."

Ban ba ta haƙuri ba, kuma har yau abin yana damuna.

A tasi Hajiya ta zauna a baya, fuskarta a taga. Abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya yi albarka, an sha wahala da ni." A babban asibiti ma ba wanda ya kira mata 'yan sanda. Abin da likitan can ya tambaya, ta bakin wani tafintan, shi ne ina muka tsaya duk watannin nan.

Mun yi mata sallar jana'iza a Harami kafin azumi ya kama. Bayan addu'ar bakwai matata ta buɗe jakar Hajiya, wadda ran nan ta cusa wa kaya a gurguje ba ta duba ƙasanta ba. A ƙasan zannuwa ta tarar da man shafawa guda biyar a kwalayensu, ko ɗaya ba a buɗe ba.