Motar da Ta Kasa Numfashi

Wautar da na tafka a duniya, in aka ce in ƙirga sai an ara mini yatsu. Amma wadda har yau in na tuna nake dariya ni kaɗai, jikoki su ce tsoho ya fara zaucewa, ita ce ta motar Alhaji.

Lokacin Faransawa suna nan, saura ƴan shekaru su tattara. Motocin da ke kwana a Dakoro ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, ɗaya ta maigidana ce, wani Alhaji mai fataucin fata da ƙirgi. Tsohuwar kamiyonet ce mai buɗaɗɗen baya, ya saye ta hannun wani Bature mai awon gyaɗa a Maradi bayan ta gama cin ƙuruciyarta. Ni ne shofer, wato direba. Lakwal, wato makarantar boko, wata bakwai na yi na gudu. Gyaran mota kuwa da ido na koya, shekara guda ina miƙa wa wani makanisiye ƙarafa a Maradi. Amma in ka ji ni a bakin kasuwa sai ka rantse ni na ƙera ta.

Wata bazara motar ta tafasa mana a rairayin Ajekoriya. Na duba man inji, ya yi fari kamar an dama fura. Na san juwan kilas ya ƙone, wato siririn faifan nan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Raƙuma biyu suka jawo mu gida, ina zaune ina murza sitiyari kamar da gaske. Alhaji ya ce a kira makanisiye daga Maradi. Na ce haba Alhaji, ina raye? A aiko da juwan kawai.

Na buɗe inji a ƙarƙashin gawon ƙofar gida. Ina cikin aiki, zufa ta sa na tuɓe hula na ajiye, sai ga guguwa ta doso mu. Rairayi shi ne ajalin inji, ga zanzaro da ba ya ganin rami ya ƙyale. Na rarumi tsummokaran da ke gabana na dinga cusa su a kowace kafa, ido rufe.

Da yamma na nemi hulata na rasa. Hula ce mai kyau, wan matata ya ɗinka mini. Na shiga gida na ce da matar tawa, ke dai in kika share ɗaki sai abu ya yi ƙafa. Ta ce, Malam, da ita ka fita. Na ce ƙarya nake ke nan? Ta koma kan aikinta. Ni kuwa kullum sai na tayar da zancen.

Kwana tara juwan ya iso. Na ɗora shi, na ɗaure ƙusoshi daga tsakiya zuwa gefe yadda na ga ana yi, na zare tsummokara, na mayar da komai. Na murza hannun tayarwa. Ta tashi! Maƙwabta har da guɗa. Amma da na taka ta sai ta yi tari, ta feso baƙin hayaƙi, ta mutu. Ɗan tudun bayan gida ma ta kasa hawa.

Alhaji ba mai faɗa ba ne. Ya tsaya yana kaɗa carbi ya ce, "Shofer, fatu sun fara wari. Kwana uku na ba ka. In ba ta tashi ba zan aika Maradi, kuma wanda zai zo an ce ya iya tuƙi."

Na fahimta. In ba shofer ba, ni ba kowa ba ne a garin, ko akuya ba ni da ita.

Rana ta farko na kwance buji, wato fulogogi, duk sun yi baƙi kamar gindin tukunya. Na goge na mayar, suka sake yin baƙi. Rana ta biyu na bi wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya ko na sarƙe su, lafiya lau. Na wargaza karbiratar a kan tabarma, ina hura kowace kafa da baki har tuwon dare ya koma ɗanɗanon isansi, wato fetur. Kuma duk sanda zan gwada sai na mayar da bututun da ya taso daga matatar iska, domin abu ɗaya da na riƙe daga makanisiyen nan na Maradi shi ne, kada ka tayar da inji babu matatar iska a ƙasar rairayi. Wannan doka kam na bi ta sau da ƙafa.

Rana ta uku na fara zargin ko kan injin ne ya tsage. Ina zaune na zuba wa motar ido, sai wani dattijon Bafillace da ya kawo wa Alhaji fatu ya tsuguna kusa da ni, sanda a kafaɗa.

"Kaɗo, sake taka ta in ji."

Na tayar, na taka. Ta yi tari ta mutu.

"Cikinta lafiya," in ji shi. "Numfashi ne ba ta samu."

Na ce, "Baffa, wannan fa ba nagge ba ce."

"Na gani. Nagge ta fi ta kunya. Amma in saniya ta haɗiyi ƙwallon goruba haka take yi, ta miƙe wuya tana gurnani. Wawa ya yi ta ɗura mata jiƙo. Mu hannu muke zurawa a maƙogwaro. Ita wannan ina maƙogwaronta?"

Na yi dariya, na ce ya bar wa masu ilimi aikinsu. Amma da aka kira azahar kowa ya nufi masallaci, na yi kamar ina neman buta. Na kwance bututun nan, mai lanƙwasa ne, ba a ganin cikinsa. Na zura waya. Ta kama wani abu mai taushi. Na ja a hankali, sai ga hulata ta fito, ta sha mai ta murɗe kamar hanjin rago.

Na waiga dama da hagu, na cusa ta a aljihu. Na mayar da bututu, murzawa ɗaya ta tashi, murya garau. Kafin a sallame na hau tudun nan sau biyu.

Alhaji ya fito da takalma a hannu. "Me ke damunta, shofer?"

Na ce, "Ciwon Turawa ne, Alhaji. Sunansa ma da Faransanci yake."

Ya ce, "Madalla. A loda fatu, da asuba sai Maradi."

Dattijon yana tsaye a bayansa. Ya dubi aljihuna, inda mai ya fara tsattsafowa ta riga, ya dube ni, ya gyara sandarsa ya bi hanyar rijiya. Allah ya jiƙansa.

Na tuɓe rigar a gida na manta da abin da ke cikinta. Da muka dawo daga Maradi bayan kwana biyu na tarar da hular a kan gado, an wanke ta da toka, ta ɗan koɗe, har yanzu da ƙanshin isansi. Ashe labari ya riga ni, matar Bafillacen ce ke kawo mana nono.

Matata ta ajiye mini ruwa, ta ɗauki hular ta miƙo mini hannu biyu.

"Ga ta, Malam. Mota ta sa ta kwana uku ta kasa tafiya. Kai da ka shekara biyar da ita a ka, ai ka yi ƙoƙari."